Sunan da Aka Kai Ni Boko da Shi

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Wasu tsofaffin ɗalibaina sun yi ta tambaya ko Hedimasta yana nan. Ina nan, ƙarfi ne ya ragu.

Da fitsari abin ya fara. In je sau goma, ɗigo-ɗigo. Kunya ta sa na ɓoye, na yi ta shan saiwoyi. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka babu mai lura da ni a gidan.

Wata Talata da hantsi ya tsaya cak. Maƙwabcina Malam Idi tela ya jiyo nishina ta katanga, ya sa ni a adaidaita sahu zuwa asibitin Gaya. Suka sa mini robar fitsari, suka tura ni Kano.

Gwajin jini, hoton ciki, layi tun safe. Ɗan abin da na ajiye ya tafi a magani. Likita ya ce, "Baba, ka daɗe da wannan. Sai an yi maka aiki. Amma jininka ya yi ƙasa. Muna son jini leda biyu, da ɗan'uwan da zai sa hannu."

Wata nas ta zo da takarda ta ce wa zan rubuta. Na ce, "Sule Garba, Toranke."

Ta duba katina ta ce, "Baba, ai wannan sunanka ne. Na ɗan'uwa nake tambaya."

To, ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Sunana na yanka Habu. Muna yara a ƙauyenmu Toranke aka ce gidan kawuna Garba ya ba da yaro ɗaya a kai boko, aka rubuta ɗansa Sule. A lokacin mutane gani suke wanda aka kai boko ya ɓata. Ni maraya ne a gidan, ɗan ƙanwarsa. Kawu ya ɓoye Sule a rumbu, ya miƙa ni, ya ce in aka kira Sule in amsa. Na amsa. Da sunan na yi jarrabawa, da shi na koyar da ku, da shi nake karɓar fansho.

Sule taubashina ne, tsokana tsakaninmu ba sabon abu ba ce. Amma wata rana a wajen suna ya ce rabin albashina nasa ne, ni kuma na ce a gaban jama'a, "Suna ne kawai naka. Da kai aka kai, ko baƙi ɗaya ba za ka iya ba." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Shekara ashirin da wani abu, sai gaisuwar jana'iza.

Malam Idi ya hau babur ya kai saƙo. Ya dawo ya ce Sule ya saurara, ya ci gaba da ɗaure dawarsa.

Kwana uku ina jira, zazzaɓi yana kai ni yana dawo da ni. Da na rufe ido, ko da rana ne, mafarki ɗaya nake yi. Ni ne a cikin rumbun. Ina jin ana tafiya da wani yaro, ni an bar ni. Sai in gan ni da furfura a gonar Toranke, 'ya'ya suna huɗa a gabana, tafin hannuna duk kanta. In farka in ga robar fitsari da silin asibiti. Na gaji ƙwarai. Na fara cewa in bai zo ba shi ke nan, a mayar da ni gida.

Rana ta huɗu sai ga shi da sanda, ya rame fiye da ni, da 'ya'yansa biyu manya a bayansa. Ya tsaya a kan gadona ya ce, "Ɓarawon suna, ashe ba ka mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran mai shi ya zo ya karɓi kayansa."

Ya ce, "Ka riƙe, ka riga ka tsofar da shi. Wa zai saya?"

'Ya'yansa suka ba da jini. Shi kuma ya dangwala yatsa a takarda. Likita ya karanta: mara lafiya Sule Garba, mai sa hannu Sule Garba. Ya cire tabarau ya dube mu.

Bayan aiki an ce na daɗe ban farfaɗo ba. Nas suna ta "Baba Sule, Baba Sule," shiru. Sule ne ya matso ya ce, "Ku ba ni wuri." Ya sunkuya ya ce, "Habu. Kai Habu, tashi."

Wannan na ji shi. Tun rasuwar kawu babu wanda ya kira ni haka.

Yanzu ina Toranke, a ɗakin da Sule ya share mini. An cire roba, ina taka ƙafa har masallaci. Shekaranjiya muna zaune a zaure ya ce, "Ka san na kai shekara arba'in ina mafarkin gajeren wandon makarantar nan? In gan ni ina rubutu a allo, in farka ga fartanya." Na roƙe shi gafarar maganar da na yi. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na yafe."

Na gode wa Allah. Na gode wa Malam Idi, da likitocin, da yaran da jininsu yake jikina.

Tsofaffi 'yan'uwana, in fitsari ya fara gardama ku je asibiti tun kuna tafiya da ƙafarku. Saiwoyi ba su yi mini komai ba. Kuma tun kuna da lafiya ku san wanda zai sa muku hannu. In kun ɓata da shi, ku je.

Ku kuma ɗalibaina, ran da kuka ji na rasu, Sule yana da 'ya'ya da jikokin da za su yi masa addu'a. Ku yi wa Habu.