Kakin da na jiƙa da gangan

Da gangan na tsoma kakinsa a bokiti. Lokacin ina amarya a Ammariyya, a shekarun alif ɗari tara da saba'in. Mijina lauya ne: safe ofishin lauyoyi, la'asar kotun soja cikin kaki. A littafin soyayyar da nake karantawa, da wannan dabarar matar ta tsare mijinta a gida.

Ya shigo canja kaya, ya tsaya kallon bokitin, idanunsa jajur don gajiya.

Na ce, "Halas, shi ke nan, Maigida, yau dai ka huta."

Ya ce, "Halima, wani kurtu na tsare. In ban je ba, sai wani makon."

Ya matse kakin, ya saka a jiƙe, ya fita.

Har yau ban sani ba, kunya na ji ko haushi. Ku fa, me za ku ji?