Manoma Cikin Shadda

A shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, aka ɗora wa Babanmu shirya taron bita na manoma a bikin baje kolin amfanin gona. Ƙaramin jami'i ne a ma'aikatar gona, kuma duk gidan mun san abin da ke kansa. Shugabansa a ofis ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa idan babban baƙo ya iske kujeru babu kowa, to ya fara ɗaure kaya, za a tura shi wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Mu kuwa a unguwar Badarawa cikin gari aka yanke mana cibiya gaba ɗaya. Umma ta ce ita ba ta ga abin da zai raba ta da famfo da wutar lantarki ba.

Ni kaɗai ce nake ɗokin taron. A lokacin manomi a wurina mutum ne na cikin waƙa, mai fita da sanyin safiya raɓa na wanke masa ƙafa, tsuntsaye na yi masa rakiya. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Na zauna na tsara baitoci na yabon manomi, na yi ta naci har Baba ya yarda zan karanta a wurin.

Da farko a cikin rani aka sa ranar, lokacin da manomi ke zaune. Sai babban baƙo ya yi tafiya, aka ɗaga. Ya dawo da mura, aka sake ɗagawa. Da aka samu ranar da ta yi masa daidai, sai ta faɗo cikin makon ruwan shuka. Ana gobe taro, motar da Baba ya aika ƙauyuka ɗauko manoma ta dawo da la'asar, ba kowa a ciki sai direba da buhun gawayin da ya sayo wa matarsa.

"Yallaɓai, duk suna gona," in ji direban. "Wani dattijo ma ya ce a gaishe ka. Wai in shuka za a koya musu, a dakata su gama tukuna."

Baba ya daɗe tsaye a ƙofar gida yana kallon motar. Bayan an fito sallar magariba ya tara maƙwabta, ni na kai musu tabarma da ruwa, na maƙale a soro ina ji. Akwai telan layinmu, da mai facin taya, da mahauci, da mai gyaran rediyo, da wani tsohon malamin firamare, da wasu da dama. Baba ya faɗa musu halin da yake ciki.

"Zama kawai za ku yi, ku riƙa gyaɗa kai. Amma don Allah ku sa tsofaffin kaya, da malafa ga mai ita."

"Malam, akwai shinkafa?" tela ya tambaya.

"Akwai, har da lemon kwalba."

"To ai ni kakana manomi ne."

Washegari da safe na leƙa waje, sai na ga layinmu kamar ranar idi. Shadda ce ko'ina, ta sha sitaci tana ƙara, ga huluna, ga agogo, ƙamshin turare har tsakar gida. Mai faci, wanda ban taɓa gani ba tare da baƙin mai a jiki ba, ya aro farar babbar riga yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Malafa ɗaya ce tak, sabuwa fil mai adon fata, tsohon malami ya ɗora ta a kan hularsa.

"Haba jama'a," Baba ya ce da muryar da ba ta fita sosai. "Ɗaurin aure na gayyace ku?"

"Malam, kai ka ce da 'yan talabijin," in ji mahauci. "Surukaina na unguwar Kinkinau suna da akwatin talabijin a falo. In fito da tsumma su ce 'yarsu na cikin wahala?"

Tela ya gyara wuyan rigarsa. "Ni kuma a gan ni da yagaggiyar riga, wa zai ƙara kawo mini ɗinki?"

Lokaci ya ƙure, haka muka hau mota.

A rumfar taro wani masani ya tsaya gaban allo yana bayanin tazarar da ake bari tsakanin shuka da yadda ake zuba takin zamani, rabin maganarsa Turanci. Maƙwabtanmu sun cika alkawari. Sun gyaɗa kai da ya ce a yi shuka da wuri, sun gyaɗa da ya tambaya ko tsutsa na damun masararsu, sun kuma gyaɗa da ya ce ko ba ta damunta. Da lasifika ta fara kuka, mai gyaran rediyo bai iya daurewa ba, ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya tafi ya saita ta. Da aka ba da damar tambaya, mai faci ne kaɗai ya ɗaga hannu. Tun shigowarmu idonsa na kan taraktar da aka ajiye don nuni, yana so ya san ko tayar baya tana da tib a ciki.

Sannan aka kira ni. Na tsaya da takarda a hannuna, na yabi mai faso a dunduniya, mai rigar da rana ta cinye, mai karin kumallo da ƙanzo. Duk inda na sauke ido, takalmi ne ya sha mai yana ƙyalli. Na kai ƙarshe dai. Suka tafa sosai, tela har da share ƙwalla da hannun riga.

Babban baƙo ya iso bayan azahar da jiniya. Ya bi layin gaba yana gaisawa da manoma, Baba na biye da shi gumi na bin wuyansa. Da ya zo kan tela, sai ya riƙe hannunsa, ya juya tafin yana dubawa.

"Alhaji, me kake nomawa?"

Tela ya saci kallon rigarsa. "Auduga, ranka ya daɗe. Da ita nake kwana, da ita nake tashi."

Baƙon ya ɗaga hannun sama don masu ɗaukar hoto. "Kun gani? Ko kantar fartanya babu. Wannan shi ne noman zamani."

A jawabinsa ya ce ya zaga wurare da yawa, bai taɓa ganin manoman da shirin gwamnati ya yi wa rana kamar waɗannan ba. Ya tambaya wane ne ke kula da su. Shugaban Baba ya ɗan yi jim kamar zai nuna ƙirjinsa, sai ya dubi mai faci, ya dubi malafar, ya miƙa yatsa wajen Baba.

Mun dawo gida da murna. Umma ta yi sadakar waina, Baba ya ci abinci har da neman ƙari. Unguwa ta taru gidan mai akwati aka kalli labarai, kowa na nuna hularsa.

Kafin masara ta fitar da goyo sakamakon taron ya zo. An ƙara wa Baba girma. An ce jami'in da ya iya mai da manoma masu shadda asara ce a bar shi a ofis cikin gari, don haka shi zai shugabanci tashar koyar da noma ta karkara. Da ya faɗi sunan wurin, sai muka ji ƙauyen nan ne dai da aka yi masa barazana da shi.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta aika kasuwa aka sayo fitilar ƙwai da dutsen guga na gawayi, ta ba ƙanwarta ajiyar firiji. Ranar tashinmu Baba yana ta zagaya ta a tsakar gida, ya rasa ta inda zai fara.

"Ki yi haƙuri mana. Ai girma ne aka ƙara mini."

Ba ta ɗago ba. "To ɗauki girman ka kai mota, Malam. Ni tukwane nake ɗaurewa."