Mutaru da Keken da Ba Ya Ɗaukar Kaya

Mutaru mai naɗin koyil ne a unguwar Aboabo, cikin Tamale. Fanka ta mutu, injin famfo ya ƙone, injin markaɗe ya fara wari, wurinsa ake kaiwa. Shekararsa arba'in da biyar, yana da mata da 'ya'ya uku da ɗan tumbi da ya fara tura riga gaba, kuma in ka tambayi mutanen unguwa za su ce maka ba shi da hayaniya. Gaskiya suka faɗa. Sau biyu kacal aka taɓa jin muryarsa ta haura katangar gidansu na Moshi Zongo, kuma duka biyun a kan abu ɗaya ne: wani ɗan keke da ko ƙullin gishiri ba shi da wurin ɗorawa.

Wanda bai san Tamale ba sai a yi masa bayani. A garin nan keke jaki ne. Jarkar ruwa huɗu ake ɗaura masa, ko buhun gawayi, ko doya, ko akuya da ƙafafunta a ɗaure tana kuka. Kafin mutum ya tambayi lafiyar birki, sai ya fara girgiza kariya, wato ƙarfen nan na baya da ake ɗora kaya, ya ji ƙwarinta. Keken da ba shi da kariya, a idon mutanen gari, ba a gama ƙera shi ba.

To irin wannan keken kawun Mutaru ya sauko da shi daga kan motar Tema, garin tashar jiragen ruwa, Mutaru yana ɗan shekara goma sha ɗaya. BMX ne, ja, ƙananan tayoyi masu kauri, sirdi can ƙasa, kai mai faɗi da ƙarfe a gicciye. Manya suka kewaye shi suna tausaya wa kawun, wai an cuce shi an sayar masa da rabin keke. Mutaru bai ji su ba. Kafin la'asar ya goge fatar gwiwoyinsa duka biyu, kuma bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A bayan Zogbeli akwai wani rami da aka haƙi burji aka bari. Nan ya zama makarantarsa ta gaske. Sai ya gangaro daga baki ɗaya da gudu, ya haye tudun ɗaya gefen, keken ya rabu da ƙasa. Ɗan lokacin nan da tayoyi ba su taɓa komai, babu mai aikensa, babu mai kiransa, babu mai cewa ai shi ƙarami ne. Shekara uku ya yi yana haka. Haƙorinsa na gaba da ya gutsure, a can ya bar guntun.

Ran nan ya dawo daga makaranta bai ga keken ba. Wasu dangi sun zo gaisuwar mutuwa daga wani ƙauye a bayan Kumbungu, mahaifinsa ya ga bai kamata su koma hannu biyu ba, sai ya ɗauki keken ya ba su. Ba a tambayi Mutaru ba, don ba a tambayar yaro. Ranar ce karon farko da aka ji muryarsa, ya sha duka a kai, ya yi shiru. Shirun nan ya kai shi shekara talatin. Ya koyi sana'a, ya yi aure, ya binne uban, ya sayi babur kamar kowa, amma duk ranar da ya ga tudu mai kyau a gefen hanya sai hannayensa su matse kan babur ɗin.

Shekara biyu da suka wuce aka kira shi gyaran famfo a ƙauyen nan. Yana wanke hannu a bayan gida ya hango abin da aka tokare ƙofar garken awaki da shi. Babu taya, babu sarƙa, babu sirdi, tsatsa ta cinye jan fentin saura ɗan kaɗan a ƙarƙashi. Amma ya gane kekensa ne tun kafin ya matsa kusa. Mutanen gidan suka yi ta dariya da ya roƙi a ba shi, suka ce ya haɗa da guntun kwanon rufin da ke gefe in yana so.

Daga nan Mutaru ya ɗaura wa kansa aiki guda: sai ya tayar da keken nan yadda yake, ya kai shi tudu, ya yi tsalle da shi ko sau ɗaya ne kafin gwiwa ta ƙi. Ramin Zogbeli an cike shi an yi gidaje tuntuni, amma ya samo wani a hanyar Nyankpala, ya je ya duba shi ya fi sau goma. Ya jiƙa ƙarfen da kananzir, ya bi shi da sanfefa lungu-lungu har yatsunsa suka yi kanta. Masu sayar da tsofaffin kekuna suka gaji da ganinsa. Wili ɗaya daga Kumasi aka aiko masa, feda kuwa sai da ya jira wata biyar. Sau uku yana haɗa fenti yana zubarwa, wai jan bai yi irin na da ba. Matarsa Zuweira ta ce in da ita ake kula da ita haka, da ta yi ƙiba. Maƙwabtan shago suka sa masa suna Alhaji Ƙaramin Keke, ya amsa, bai damu ba.

Ya gama ranar wata Talata. Ya turo shi gida, ya jingina a baranda, ya rufa masa tsohon zane, da niyyar ranar Lahadi da safe zai nufi hanyar Nyankpala. Laraba aka kira shi Yendi, injin wani gidan ruwa ya tsaya. Kwana uku ya yi.

Gidan nasu gidan gado ne, kuma tun rasuwar uban, wansa Saeed ne babba. Saeed mai sayar da masara ne, ba mugun mutum ba, sai dai irin mutanen nan ne da ba su taɓa shakkar kansu ba tun da aka haife su. Babur ɗin Saeed ya lalace a makon, ga masara za a kai niƙa. Ya ɗaga zanen, ya ga keke sabo fil, tayoyi masu ƙwari, ga shi gajere, ɗora buhu ba zai yi wuya ba. Abu ɗaya ya ga ya rage: kariya. Ya tausaya wa ƙaninsa da ya sha wahalar shekara biyu bai iya ƙarasa aikin ba, sai ya tura keken wurin Imoru mai walda.

Imoru kuwa ƙofofin gida da gadajen ƙarfe yake yi. Ya yanko rodi irin na gini, ya kafa wa keken kariya da za ta ɗauki saniya. Ya ga sirdin ya yi ƙasa, ya ƙara masa tsawo da bututun ruwa. Wutar waldarsa ta fi ƙarfin siririn ƙarfen, ta huda shi a wuri huɗu, ya cike hujin da dunƙulen walda, ya shafe da baƙin fenti don aikin ya fito.

Da Mutaru ya shigo gida ranar Asabar, a tsakar gida ya tarar da keken, garin masara ya yi masa fari-fari, igiyar roba tana reto a baya. Saeed yana zaune a kan benci yana jiran godiya.

"Na gyara maka shi," in ji Saeed. "Yanzu shi na da ƙarfi paa. Buhu guda ya kai niƙa ya komo, ko motsi."

Mutaru ya tsuguna ya shafa dunƙulen waldar da yatsa. Wani abu ya taso masa tun daga ciki, abin da ya haɗiye yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya miƙe. Bai ce Yaya ba. A gaban matan gida, a gaban surukai, ya kira wansa da sunansa tsirara, karon farko a rayuwarsa, ya tambaye shi wa ya aike shi, wa ya roƙe shi, yaushe za a bar mutum da abu ɗaya tak a gidan nan wanda nasa ne. Ya ce masa duk abin da ya taɓa sai ya mayar da shi jaki, don abin da ya sani ke nan. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Saeed ya tashi ya shige ɗaki, yana mamakin irin wannan butulci.

Mutaru bai tsaya cin abinci ba, ya ja keken zuwa wurin Imoru ya ce a cire masa rodin nan. Imoru ya ce cirewa ba wuya, amma fa gaskiya ɗaya ce: inda wuta ta ci, ƙarfen ya mutu. Rodin ne ke riƙe da shi yanzu. Da kaya a hankali zai yi shekara goma, amma tsalle ɗaya zai karye gida biyu, ya zubar da mai shi. Ya faɗi haka yana taunar asuwaki, har yana tambaya babba kamar Mutaru me ya haɗa shi da tsalle.

Kada ka zaci an yi zama a kan maganar keken. Ko kusa. Da safiyar Lahadin nan da ya ware wa tudu, gwaggonsu Rashidatu, ƙanwar mahaifinsu, ta iso daga Zogbeli da sandarta, aka shimfiɗa tabarma, aka zauna a kan laifin Mutaru. Ƙarami ya kira babba da suna, ya zage shi a gaban mata: wannan ita ce maganar. Da ya fara bayanin walda da siririn ƙarfe, gwaggo ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta zo jin labarin ƙarfe ba, ko gida Saeed ya ƙona masa, shi ne zai durƙusa.

Ya durƙusa. Mutum mai furfura a gemu, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, ya ce Yaya ya yi haƙuri, sharrin zuciya ne. Abin baƙin cikin shi ne ya ji bakinsa yana faɗin abin daidai yadda ake so, ko tuntuɓe babu.

Saeed ya yafe masa da zuciya ɗaya, har ya dafa kafaɗarsa. Kuma don a ga ba ya riƙe da komai, ya ƙara da alheri.

"Keken naka ne, ba mai karɓa. Amma bar shi nan baranda, mata su riƙa kai niƙa da shi. Ka ga kowa ya amfana."

Gwaggo ta sa musu albarka. Mutaru ya ce to.

Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya kama kan keken ya tura shi waje. Bai hau ba. Da ƙafa ya tura shi tun daga Moshi Zongo har Aboabo, masu babur suna yi masa hon, wani ma ya yaba kariyar ya tambayi wanda ya yi. Ya buɗe shago, ya ɗaure keken a jikin bencin aiki, ya sa wa zarto sabon haƙori. Ya zaɓi wurin da walda ba ta taɓa ba, inda jan fentin ya fi sheƙi, ya fara yanka. In keken ba zai ƙara tsalle ba, to ba zai zama jakin kowa ba.

Zuweira ta biyo shi da kwanon abincin da bai ci ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga zarton, ta ga hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan ƙarfen. Keken yana ta zillewa, yankan yana karkacewa.

"Riƙe mini nan," ya ce.

Ta ajiye kwanon, ta kama tayar baya da hannu biyu ta danne. Bai kai minti biyar ba ƙarfen ya rabu.