Waƙar Taki

Autanmu shi ne mai kawo wa ƙauyenmu sababbin waƙoƙi. Raksha yake ja, keke mai ƙafa uku, daga ƙauye zuwa kasuwar Wad Haddad, kuma tun kafin a hango shi a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakinmu, an san ya taho, don sifikun da ya ɗaura a bayan kujera sun fi injin ƙara. Samari na tare shi a kasuwa su miƙa masa waya ya tura musu abin da ya samo. Bai taɓa hana kowa ba. Yana da haɗin waƙoƙi na safe, na yabon Annabi, saboda tsofaffin da ke zuwa sayar da nono da kuɓewa. Yana da na rana mai kiɗan Sudan don matasa. Sannan akwai wanda yake ji da shi fiye da kowanne, na waƙoƙin Hausa da wani ɗan baffanmu mai karatu a Sakkwato yake turo masa ta waya.

Ni ce fasinjarsa ta farko kullum, domin ina koyarwa a makarantar firamare ta cikin gari, shi ke kai ni. Ni ce kuma wadda ake gwada kowace sabuwar waƙa a kanta, ko ina so ko ba na so. Da na zauna zai waiwayo yana murmushi ya ce, yana cakuɗa Larabci da Hausa, "Isma'i, Yaya, saurari wagga, jadida ce, sabuwa fil." In na yaba, ya yini yana fara'a. In na ce hayaniya ce kawai, sai ya ce tsufa ya kama ni tun ban kai ba.

Abin da ya kamata in faɗa tun farko shi ne, Hausar autanmu ba ta da ƙarfi. Ni a ɗakin kakarmu na tashi, na sha Hausa da kunu. Shi kuwa ya zo duniya bayan rasuwarta, ya girma a makaranta da tasha, inda ba a jin komai sai Larabci. Inna ta yi masa magana da Hausa, ya amsa da Larabci, a haka suke fahimtar juna. A waƙoƙin nan na Najeriya kiɗan yake bi, sai ya tsinci kalma ɗaya nan, ɗaya can, ya haɗa musu ma'ana da kansa. Mawaƙan kuma suna da sauri, ga Hausarsu ba irin ta gidanmu ba.

Akwai wata yarinya a ƙarshen ƙauye, gidansu na da shanu. Kowa a gidanmu ya san autanmu yana sonta, ban da ita, don bai taɓa iya faɗa ba. Mutumin da ke cika kasuwa da surutu, in ta shiga rakshar da ƙwaryar nononta sai ya zama kurma, har kiɗan yake ragewa. Ita ma a hannun kakarta ta tashi, Hausarta tsab, har da karin magana. Ta taɓa zolayarsa a wurin wani biki cewa yana gaisuwa kamar baƙon da ya sauka jiya, aka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta zauna masa.

Wata safiya a farkon damina ya ɗauke ni yana ta rawar kai. Ya ce ya samo waƙar da ta fi duk waƙoƙin shekarar. Ya kunna. Gaskiya kiɗan ya yi daɗi, da kalangu a ƙasa da muryar mace mai zaƙi a sama, mata suna amsa mata. Sai na kasa kunne ga baitin. Tana cewa taki, taki, farin cikin zuciyar manomi. In ruwa ya sauka ku auna shi, ku zuba a gindin shuka. Tallar takin zamani ce, irin wadda ake sa wa manoma a rediyo.

Na yi dariya har na riƙe ƙarfen gefe. Na ce, "Auta, yaushe ka koma tallar simad?" Da yake a nan yankin Jazira na Sudan ba mai ce wa takin buhu taki, simad muke cewa, kamar Larabawa.

Ya ce, "Simad kuma? Waƙar soyayya ce, Yaya. Ba ki ji ba? Taki. Zuciya. Ƙauna. Zuciyata taki ce, ya'ni."

Na ce masa ba ƙauna ta ce ba, ku auna ta ce. Takin nan kuma ba wanda saurayi ke faɗa wa budurwa ba ne, wanda ake zuba wa dawa ne. Ina cikin bayani ina dariya sai na ga ya rage gudu, ya gangara gefen tur'a ya kashe injin. Bai waiwayo ba. Daga baya na ga kunnuwansa da wuyansa sun jiƙe da gumi, alhali iskar safe ce ke kaɗawa.

Ya ce, "Na tura mata. Jiya."

Dariyata ta tsaya. Ba kuskuren ne ya tsayar da ita ba, abin da na tuna ne. Lokacin da yarinyar nan take ƙarama ta yi karatu a ajina, kuma na sha raba ta da yara masu toshe hanci in ta wuce, suna cewa tana warin garke, saboda ita ke kwashe kashin shanun gidansu da safe kafin ta zo. Ta daina kuka a kan abin tun da wuri, amma na san ba ta manta ba. Yanzu ga saurayin da ba ya ko iya ɗaga ido ya dube ta ya aiko mata waƙar da ba a faɗin komai a cikinta sai taki. A garinmu da mata suka iya habaici da waƙa, me za ta ɗauka? Na gaya masa wannan, don ɓoye masa ba zai amfane shi ba. Ya nuna mini wayar. Ta buɗe saƙon, ta saurara, ba ta ce komai ba.

Ya yi ta fatan ni ce ban ji daidai ba. Ya tambayi ɗan baffanmu, shi kuwa ya turo bidiyon waƙar da dariyarsa a haɗe, ya ce ai don kiɗan ya sa ta cikin sauran. Muka kalla tare a tsakar gida: ga mata sanye da atamfa iri ɗaya suna rawa a gonar masara, ga wani mai babban tumbi yana rungume da buhu. Autanmu ya kalla har ƙarshe, ya tashi ya fita. Washegari rakshar ta zo ɗaukata shiru. Ya cire wayoyin sifikun ya naɗe su. Tsofaffin kasuwa suka yi ta tambaya ko ba shi da lafiya, samari suka miƙo waya ya ce babu sabo. Yarinyar kuwa ta daina tare shi, ta koma bin motar kasuwa da nononta. Na tausaya masa ƙwarai, har na ji haushin kaina da na yi dariya, ko da yake duk wanda ya ji waƙar a wurina sai ya yi.

Ya roƙe ni in je in yi mata bayani. Na yarda, har na ɗauki mayafi, sai Inna da ke yanka kuɓewa a bakin ɗaki ta ce in zauna.

Ta dube shi ta ce, "Mi kaka so yayarka ta tahi ta hwaɗi? Da hwarko ka ari bakin mawaƙiya, yanzu kuma bakin yayarka zaka ara? Zanen aro ba shi rufe katara, ɗan nan. Kai ka ɓata, kai ka gyarawa."

Ya ce da Larabci, ai zai iya rubuta mata haƙuri.

Inna ta ce, "Da Hausa anka yi ɓarnar, da Hausa za a gyara ta."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ga shi da la'asar ɗin nan ya jawo tabarma kusa da ita, ya ajiye wayar a tsakaninsu, ya kunna wata waƙar daga cikin na Sakkwato. Ya bari aka yi baiti ɗaya, ya tsayar, ya ce, "Inna, mi ta ce?" Haka suka fara. Kullum in ya dawo daga aiki, Inna na tsince dawa ko tana dama ƙullun kisra, wainar dawa ta nan ƙasar, shi yana kunnawa yana tsayarwa. Inna da ta shekara tana cewa waƙoƙin zamani gwangwani ne ake bugawa, sai ga ta tana cewa a maido mata wancan wurin. Wata waƙar ta fassara ta yi tsaki ta ce mawaƙin ba shi da kunya. A wata kuma ta ce kalmar da aka faɗa rabonta da jin ta tun mahaifiyarta na raye. A nan autanmu ya gano cewa wadda yake sa wa samari su yi rawa a kasuwa ta ta'aziyya ce, wadda kuma yake tsallakewa don kiɗanta sanyi ita ce ta soyayyar gaske. Ni ina gefe ina duba littattafan yara, ina jin yadda harshensa ke tuntuɓe yana tashi. Tunda aka haife shi ban taɓa ganin shi da Inna sun yi hira mai tsawo haka ba.

Har dawa ta kai gwiwa bai ce ya shirya ba. Ni na gaji da jira, na ce masa in ya tsaya sai ya zama malamin Hausa, wani zai riga shi kai goro. Ya harare ni, amma maganar ta shige shi.

Ranar wata kasuwa muna tafe da safe muka hango yarinyar a bakin hanya da ƙwaryarta, motar ba ta zo ba. Ya rage gudu da kansa. Na leƙa na ce ta shigo, malamarta ce ke kira, ba ta da yadda za ta ƙi. Ta gaishe ni da ladabi, ta zauna a gefena, ta ɗora ƙwaryar a cinya, ba ta ko kalli gaba ba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sai autanmu ya yi gyaran murya, idonsa a kan hanya, ya fara. Da Hausa, a hankali, yana ajiye kowace kalma kamar mai jera ƙwai.

Ya ce, "Waƙar da na aiko miki, ban san ma'anarta ba. Na ji an ce taki, na ɗauka irin wadda ake cewa zuciyata taki ce. Shi nake son in faɗa, bakina ya kasa. Ban yi don in ɓata miki rai ba. Ki yi haƙuri."

Ba kuskure ko ɗaya. Na ji ƙwalla ta taho mini, na juya ina kallon gonaki.

Yarinyar ta gyara zama. Can ta ce, ni take kallo amma da shi take, "Malama, ranar da na ji waƙar nan ban ci abinci ba. Na ce ashe har yanzu ba a daina ba." Ta gyara murfin ƙwaryar. "Sai Baba ya ji ƙannena na kunna ta, ya karɓe wayar. Yanzu kullum da ita yake tafiya hawasha, gonarmu ta bakin tur'a, ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi wa manomi waƙa mai daɗi haka ba. Ya ma ce a tambayi mai rakshar ko yana da ta maganin ƙwari."

Na ƙunshe dariyata da mayafi. Autanmu bai yi dariya ba, yana jira, don ya san ba amsarsa ke nan ba. Har muka iso bakin kasuwa ba ta ƙara ba. Ya tsaya, ta sauka, ta ɗora ƙwaryar a kai, ta miƙa masa kuɗin mota ya ƙi karɓa. Sai ta ɗan tsaya, kanta a sunkuye.

Ta ce, "Kakata ta ce in daina fushi, wai ba a kai taki gonar da ba a sa rai da ita. In da gaske kake, gonar taka ce. Sai dai ta hannun Baba ake shiga."

Ta juya ta shige cikin kasuwa. Na buɗe baki zan fassara masa, kamar yadda na saba yi tun yana yaro in manya sun yi magana mai lauje. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce, "Bari, Yaya. Na ji."