Takardar Lokotoron Ƙonni

A shekarar da soja suka rufe iyaka, ina aikin sito a wani kamfanin taki da iri da ke da reshe a Illela. Makullan sito a hannuna suke, ni ke karɓar kaya, ni ke fitarwa. Muna da manaja, mutumin Sakkwato, ɗan babban gida, mai tsabtar riga da sanyin murya. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa harshe ba.

A bayan kujerarsa akwai allo da aka liƙa dokokin aiki. Ɗaya daga cikinsu ta ce duk ma'aikacin da ciwo ya kwantar, ya aiko a shaida wa manaja kafin a tashi aiki washegari, in kuma ya dawo ya zo da takardar likitan gwamnati. Kowa ya san dokar, babu wanda ya damu da ita. In zazzaɓi ya kama mutum, maƙwabcinsa ya biya ya faɗa, manaja ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ke nan.

Cikin bazara gwaggota ta rasu a Ƙonni, can tsallaken iyaka cikin Nijar. Ga mutumin Illela, zuwa Ƙonni ba tafiya ba ce. Rabin danginmu can suke, kasuwarsu tamu ce, tamu tasu. Ranar Asabar na hau keke na tafi gaisuwa, da niyyar in kwana in dawo. Ban dawo ba. Da hantsin Lahadi kaina ya fara sara, kafin la'asar wuyana ya sandare, ba na iya duban haske. Sanƙarau ne, wanda ya yi ta ɗibar mutane a wannan zafin. Aka ɗauke ni a amalanke zuwa asibitin garin. Daga nan ban san inda nake ba.

Abin da ya biyo baya, daga bakin taubashina na ji shi, ɗan marigayiyar, wani mai fataucin albasa da muka tashi muna tsokanar juna. Ina kwance aka rufe iyaka. Mota ba ta wucewa, mai ƙafa ma sai ya faki ido. Shi kuwa ya bar zaman makokin uwarsa, ya ɗauki makullan sito daga aljihuna, ya bi ta gonaki ta wajen ƙauyen Araba, yana laɓewa in ya hangi masu kaki. Ya iso ofis ranar Laraba, ƙafafunsa duk ƙaya.

Ya ce manaja ya karɓi makullan, ya sa a aljihun tebur, ya tambaye shi, "Yaushe ciwon ya kama shi?"

"Tun Lahadi, ranka shi daɗe."

"To mi ya hana a zo Litinin?"

Taubashina ya ce an rufe hanya. Manaja ya ce ya ji, Allah ya ba ni lafiya.

Na daɗe a kwance. Da na tashi, kunnena na hagu ya mutu, har yau bai dawo ba. Likitan da ya duba ni, wanda mutanen can ke kira lokotoro, ya rubuta mini takarda da hannunsa, ya buga hatimi. Da Faransanci ya rubuta, da wane yare zai rubuta? Na naɗe ta cikin leda, taubashina ya ɗora ni a jaki, muka biyo hanyar da ya bi. Uwargidana da ta gan ni a ƙofar gida sai ta zauna a ƙasa.

Na huta kwana biyu na tafi ofis, riga tana yawo a jikina. Abokan aiki suka yi ta yi mini barka. Manaja ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan randa. Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta gaba da baya.

"Malam, wagga ba ta gwamnati ba ce."

"Ta gwamnati ce, yallaɓai. Asibitin gwamnati na kwanta."

"Gwamnatin wa?"

Ya ce, cikin wannan murya tasa mai taushi, shi ba ya ƙaryata ni, ga shi yana gani da idonsa yadda na koma. Amma hedikwata a Sakkwato ba ido take aiki da shi ba. An yi lattin sanarwa, takardar kuma ba wadda doka ta ce ba ce. Sannan in ya aika da ita, ya ba da shaida da kansa cewa ma'aikacinsa ya bar ƙasa ba izini, a lokacin da soja ke neman wanda za su yi misali da shi. Ya ce in je asibitinmu na nan a ba ni wata.

Na je. Likitan saurayi ne, mai kirki. Ya haska kunnena, ya lanƙwasa wuyana, ya ce babu shakka sanƙarau na yi. Amma ba zai sa hannu a kan jinyar da ba a gabansa aka yi ba. Ban ga laifinsa ba. Ya rubuta cewa yanzu ina da lafiyar komawa aiki. Na kai wa manaja wannan, ya karanta, ya ce ai wannan shaidar lafiya ce, shi kuwa shaidar ciwo ake nema.

Haka na yi ta kai da kawowa, ina juya kunnen dama ga duk mai magana. Na roƙi wani malamin makaranta da ya yi karatu a Nijar ya fassara takardar, aka ce fassara ba ta da hatimi. Dattawan unguwa suka je gidan manaja, ya shimfiɗa musu darduma, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kafin damina ta sauka aka sallame ni, a kan laifin barin aiki ba sanarwa. Sito kuwa, tun ina kwance aka ba ɗan ƙanwar manaja riƙo. Riƙon ya zama nasa.

Abin da ya fi ci mini rai, duk garin an san inda manaja ke sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Ƙonni ne, don ya ce na can ya fi kyau. Iyaka a rufe, amma direbansa bai taɓa fashin zuwa ba. Maganin Ƙonni yana da kyau a cikin gidansa, takardar Ƙonni ce ba ta da kyau a kan teburinsa.

Na koma Kalmalo wajen surukina, na kama noman rani a bakin tafki. Hannun da ya saba da biro ya yi kanta. Ba mu kwana da yunwa ba, amma babban ɗana da na so ya yi nisa a boko sai ya tsaya ya taya ni ban ruwa.

Bayan shekaru na haɗu da manajan a wata jana'iza a ƙauyen Garu. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana magana, fuskarsa da fara'a. Ta hagu ya tsaya mini. Ban juya ba, ban kuma tambayi kowa abin da ya ce ba.