Farin Tantanin Tsoka

A kasuwar Rano wani dattijo yana tsaye dogare da sanda gaban teburin mahauci, bai sayi komai ba. Kaurin wuyansa irin na 'yan kokawar da muke hawa katanga mu kalla ne muna yara. Ya zuba wa wuƙa ido tana ɗaye farin tantanin da ya lulluɓe tsoka.

"Likita ta ce irinsa ne ya ƙage min a baya, har ruku'u ya gagare ni," in ji shi. "Wai sai na riƙa miƙa kullum."

Mahaucin ya ce, "Baba, ka koma salla a kujera mana."

"Kujera? Ni da nake ɗaga ƙato sama?"

Ana kiran azahar. Ya saki sandarsa, yana gwada ruku'u a hankali. Tafukansa sun kusa kai gwiwa.