Ƙunshin da Na Sauko da Shi Daga Silin

Ba mu cika wata biyu a gidan da muka kama haya a unguwar Gamboru ta Maiduguri ba damina ta sauka, ɗakinmu ya fara yoyo. Ni malamin firamare ne, ban san aikin kafinta ba, amma wata Asabar da hantsi na ari tsani na shiga silin in nemo inda kwano ya huje. Ina lalube sai hannuna ya taɓa wani ƙunshi mai nauyi a cikin tsohuwar riga, yana warin baƙin mai. Na sauko da shi, na kwance a kan tabarma.

Ƙaramar bindiga ce, baƙa, irin ta riƙewa a hannu ɗaya.

Matata ta ajiye tsintsiya, ta je ta danna sakatar ƙofar gida, ta dawo. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun nan ya san abin da ke bin mutumin da aka ga bindiga a ɗakinsa. Wa zai tsaya sauraron cewa kai baƙo ne a gidan?

"Malam, jefa ta a masai," in ji ta. "Ko ka kai ta kogi."

"In aka zo yasar masan fa? Kogi kuma, shingen bincike nawa zan wuce da ita a jikina?"

Can na tuna da maƙwabcinmu, wani tsohon soja Kirista daga kudancin Borno, wanda kowa ke kira Baba Saje. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na same shi yana ba kajinsa dusa, na ce, "Baba, don Allah zo ka ga wani abu." Ya dubi fuskata, ya biyo ni.

Yana ganin bindigar ya ce, "Ku koma bayana. Kada wanda ya tsaya ta bakinta." Ya durƙusa a hankali. "Yaya ka sauko da ita?"

"A hammata na maƙale ta, Baba."

Sai ya nuna wani ɗan ƙarfe a ƙeyar bindigar da ya kwanta baya. "Ka ga wannan? A ɗane take. Wanda ya ajiye ta bai ko ɗaga makullin da ke hana ta tashi ba."

Na ja da baya, na jingina da bango.

Ya ɗauke ta, bakinta na kallon ƙasa, yatsansa nesa da kunamar harbi. Ya danna wani maɓalli, gidan harsashi ya zamo daga cikin mariƙin. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, ina jin don ya kwantar mana da hankali ne. Ya ce irinta hafsoshinsu ke ratayawa a ƙugu. Wani Ba'amurke ne ya fara zana ta, ya mutu bai gama ba, wani maƙeri a Beljiyam ya ƙarasa, tun kafin yaƙin duniya na biyu. A yaƙin ma ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta. Harsashi goma sha uku take ci, jere biyu, shi ya sa mariƙinta ke da kauri. Kuma ba a sake ɗana ta bayan an harba. Ƙarfin harbin ne ke tura samanta baya, ta tofar da kwanso ta ɗauko sabo.

Matata ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda an cire."

"'Yata, tsaya inda kike."

Ya kama samanta ya ja. Ta ƙi, don tsatsa. Ya sake ja, jijiyar wuyansa ta miƙe, ni kuwa na rufe ido ina salati. Sai na ji ƙaras, wani abu ya faɗo a siminti ya gangara har gaban ƙafata. Harsashi ɗaya ne da ya rage a cikinta.

"An ƙera ta ne ta ƙi tashi in babu gidan harsashi," in ji shi, "amma wasu kan cire ƙarfen da ke hana ta. Ba na yarda da bindigar da ban san mai ita ba."

Ya ce ba za mu ɓoye ba, kuma ba za mu fita da ita ba. Ya kira bulaman unguwa, bulama ya buga waya. Kafin azahar motar sojoji ta tsaya a ƙofar gidana, maƙwabta na leƙe ta saman katanga. Suka bincike silin kaf, ba su ga komai ba, suka ce in shiga mota. Baba Saje ya hau ya zauna kusa da ni ba tare da an gayyace shi ba.

A bariki tambaya ɗaya aka yi ta juya mini har bayan la'asar: bindigar ta wa ce? Aka kira mai gidan, ya ce waɗanda suka yi haya kafin mu suna da yawa, wasu bai san inda suka nufa ba. Har yau ban san mai bindigar ba.

Da aka sallame mu na dawo, na tarar matata zaune a bakin ƙofa da jaka a cinya. Ta saka mini riguna biyu, da bargo, da maganin ulsa na. Tana jiran wanda zai gaya mata inda aka tsare ni, ta kai mini.